Mai Karatun Kawuna

A shekarun da nake karatu a jami'ar da ke Bron, kusa da Lyon, in an tambaye ni me nake karantawa sai in ce kayan tarihi. Wanda ya matsa kuwa in gaya masa gaskiya: kawunan mutane. Wata al'umma ce da ta rayu a hamadar Nazka, can ƙasar Peru, tun zamanin da. Sukan yanke kan mutum, su kwashe ƙwaƙwalwar, su huda goshin su zura igiya, su ɗinke leɓɓan da ƙaya, su busar. An daɗe ana cewa ganimar yaƙi ce kawai. Ni abin da na bi shi ne zanen da ke jikin tukwanensu, inda ake ganin shuka na tsirowa daga bakin yankakken kai. Ƙasarsu ba ta ganin ruwan sama, sai ɗan abin da ya gangaro daga duwatsu. Kawunan nan roƙon ruwa ne da amfanin gona, binne su suke kamar iri. Mugun aiki ne, ban taɓa cewa ba mugun aiki ba ne. Amma 'yar Damagaram irina ba sai an yi mata bayanin abin da fari ke sa mutum ya aikata ba.

Lokacin akwai wanda zan aura. Ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wani babban ofishi a Paris, kullum cikin kwat da karabat ɗaure a wuya, Faransanci a bakinsa kamar nan aka yanke masa cibiya. Iyaye sun san da maganar, har an sa lokaci. In ya zo Lyon muka zauna cin abinci a unguwar Guillotière, sai ya yi ta yi min wa'azin wayewa: wai camfi ya kashe mutanenmu, dole a buɗe musu ido. A gaban abokansa Turawa kuwa har tinƙaho yake, wai matar da zai aura masaniyar kawuna ce.

Bakinsa ne ya ja mana. Yana waya da mahaifiyarsa, ta tambaye shi me yarinyar ke yi a Turai, shi kuma gwanin iyawa ya fassara mata da Hausa: wai ina harkar kawunan mutane da ake yankewa don tsafi. Wallahi haka ya faɗa! To wace tsohuwa ce a Maraɗi za ta ji kai da yanka da tsafi a magana ɗaya, ta iya barci? Kafin a ce kwabo na zama 'yar yankan kai, irin masu sace mutane don su yi arziki. Har an ce da haka na sami biza.

Aka yanke cewa in je gaban gwaggonsa da ke zaune a Bobigny, gefen Paris, ta gan ni da idonta, abin da ta faɗa shi za a bi. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, don gaskiya ina son sa. Ya tarye ni a tasha, bai ko bari na gama gaisuwa ba.

"In ta tambaya ki ce tukwane kike karantawa. Tukwane kawai. C'est plus simple, ya fi sauƙi."

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara," na ce.

Ya ce zai yi magana in lokaci ya yi.

Hajiya gwaggon tasa ta amsa gaisuwata ciki-ciki, ba ta ba ni hannu ba. Ta kawo ruwa a kofi ta ajiye can bakin tebur, na miƙa hannu na ɗauka na sha.

"'Yar nan, ba na son kwana-kwana," ta ce. "Kin taɓa riƙe kan mutum da hannunki?"

Gogan naka ya yi gyaran murya, yana ƙyafta min ido.

"Na taɓa, Hajiya. A ɗakin ajiya na wani gidan tarihi, da safar hannu, malamina na tsaye. Mutumin ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu. Karatu ne, ba wani abu ba."

Ta dafe ƙirji tana salati. Ita ban ga laifinta ba ko kaɗan, tsoronta na gaskiya ne, abin da aka gaya mata ta ji. Shi na juya na kalla. Sarkin wayewa ya sunkuyar da kai yana latsa salula.

"Kai ba ka da abin cewa?" Hajiya ta tambaye shi.

"Wallahi Gwaggo, ni ma ban san abin ya kai haka ba."

Shi! Shi da ya raka ni har ƙofar gidan tarihin ranar, yana roƙona in ɗauko masa hoto ya nuna a ofis. Tir da namiji irin wannan. Kwat ɗin nan ashe ba kowa a ciki.

Na yi sallama na tashi. Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ji Hajiya ta ce masa ya fitar mata da kofin nan daga gida. Ya yagi takardar goge hannu, ya naɗe yatsunsa, ya ɗauki kofin da na sha ruwa ya nufi kwandon shara yana nisanta shi da jikinsa.

Na zare zoben da ya ba ni, na jefa cikin kofin.

"Haɗa da wannan," na ce. "Shi ma na taɓa shi."