Ƙaramar Motar Musbahu

A lokacin da abin nan ya faru, ƙanena Musbahu yana da motoci goma sha tara, kuma a bas yake zuwa aiki. Duk sha taran suna jere a kan katako uku a wani ɗan ɗaki a gidansa na unguwar Moss Side cikin Manchester, ɗakin da mai hankali zai zuba akwatuna da injin shara. Babbar cikinsu ba ta kai tsawon takalmina ba. Ni ce yayarsa, Rabi'a. Ina zaune a Sparkhill cikin Birmingham da mijina da 'ya'yana, ina aiki a wani kyamis, kuma gara in faɗa tun yanzu: ban taɓa ganin aikin banza irin wannan ba ga magidanci mai mata da 'ya'ya biyu.

Tun muna yara a Gwammaja, can Kano, haka yake. Sauran yara su yi motar kara, su ja ta a lungu kwana biyu, ta karye su manta. Shi kuwa sai ya zauna da reza yini guda yana feƙe kara, har da madubin gefe, in ya gama kuma ba mai taɓa masa. Babanmu Malam Habu direban haya ne. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana jan Fijo 504 fara tsakanin Kano da Zariya, da ita ya ciyar da mu. Da ya rasu motar ta shekara biyu a ƙofar gida, tayoyi a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, har 'yan gwangwan suka zo suka ja ta.

Karatu kam ya yi, ba zan ƙwace masa wannan ba. Ya samu tallafi ya zo Manchester ya yi digiri na biyu, ya samu aiki a council, wato ƙaramar hukuma, ya auri Batulu. Inno, mahaifiyarmu, ta samu abin faɗa a gidan biki. Sai aka shiga 2011, gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu ana sallamar ma'aikata, shi kuma yana cikin rukunin farko. Wata tara ya yi yana cike takardun neman aiki. Daga ƙarshe ya samu a wani sito a Cheetham Hill, yana ɗora kwalayen caja da rigunan waya a kan kura, da digirinsa biyu. Ya roƙe ni kada Inno ta ji, hawan jininta ba ya son irin wannan labari. Na yarda, na kuma ji daɗin cewa ni ce nake riƙe da sirrin.

A wannan zaman kashe wandon ne maƙwabcinsa Gamaliel ya ɓata shi. Tsohon direban bas ne ɗan Jamaika da ya yi ritaya, ya gan shi kullum zaune a bakin ƙofa, ya miƙo masa wani kwalin kayan haɗa motar wasa ya ce ya gwada. Ni da kaina na je na ga yadda abin yake. Sassan roba ne ƙanana manne a jikin wani firam, a yanko ɗaya bayan ɗaya, a goge da sanfefa, a ɗiga gam da tsinken sakace. Sai a fesa fenti da wata 'yar bindiga mai kama da biro, a jira kwana uku ya bushe, a sake gogewa, a sake fesawa. Yana maƙala wani tabarau mai ƙara girma a goshi, yana riƙe numfashi don kada hannunsa ya yi rawa. Ran Asabar kuma ya bi Gamaliel wani zaure su haɗu da tsofaffin Turawa, a sha shayi a yi musu a kan wane ja ne ainihin ja. Batulu tana can gidan kula da tsofaffi tana juya marasa lafiya har bayanta ya ƙage, maigida yana nan yana yi wa sitiyari mai girman kwabo fenti.

Akwai wata Fijo a cikin motocin wasan, a kasuwar gwanjo ta ran Lahadi ya tsinto ta, fam biyu. Wani ne ya haɗa ta shekaru da yawa da suka wuce, ya dambara mata koren fenti, gilashin ya yi hazo, taya ɗaya babu. Ya jiƙa ta a ruwan cire fenti, ya ɓalle ta gunduwa-gunduwa, ya ce zai mayar da ita motar Baba. Ya lanƙwasa waya ya yi mata ƙarfen ɗora kaya a sama. Ya rubuta lambar Kano da buroshin da ya rage wa gashi uku. Har ya ɗumama cokali a wuta ya lotsa bayanta ta hagu, daidai inda wata a-kori-kura ta taɓa gogar Baba a Kwanar Dangora. Mutum da hankalinsa ya zauna ya lotsa mota da gangan, kuma ya kira ni a waya don in yaba.

Da ƙaramar sallar 2012 suka zo mana Birmingham. Bayan an ci abinci muka kira Inno, na buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta gama da jikoki, ta zo kansa.

"Musbahu, kwana biyu ba ka kira. Aikin ne?"

"Aiki ne, Inno. Da kuma wata mota da nake gyarawa. Fijo, irin ta Baba."

"Mota? Irin ta Malam? Allahu akbar!"

Na ga ya daburce. "A'a, Inno, ƙarama ce fa. Ƙaramar mota ce."

"To da babbar mota za ka saya, kai direban tirela ne? Ai ta babanka ma ƙaramar ce. Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya."

Ya buɗe baki zai gyara, sai muka ji muryarta ta karye, tana kiran matan gidan su zo su ji. Ya rufe bakin. Ni kuwa sai da na shiga kicin na toshe baki da gyale saboda dariya. Gaskiya ya faɗa, tsakaninsa da Allah. Sai dai a wajen Inno, kamar a wajen kowa a gida, duk motar da ba ta ɗaukar buhuna ko shanu ƙaramar mota ce.

Shekara biyu aka yi a haka. Duk ran Juma'a sai ta tambayi motar kafin ta tambayi yara, shi kuma ya ba ta amsa ba tare da ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba, wannan shi ya fi ba ni haushi. Ya ce an yi fenti, an kuwa yi. Ya ce ya samo tayar da ta ɓata, ya kuwa samo, daga wani tsoho a Leeds, a cikin ambulan. Ta ce ta fara tafiya? Ya ce tukuna, Inno. Ta ce a yi a hankali, tsohuwar mota sai da lallashi. Matsoraci ne, mai fakewa a bayan kalma, na kuma faɗa masa haka a fuskarsa. In ta kira ni kuwa, nakan ƙara gishiri don nishaɗina. Na ce mata motar Musbahu ba ta da shan mai ko kaɗan, kuma wajen ajiye ta ba ya wahala. Ta ce ai haka Fijo take.

A 2014 na haifi autana. Bayan an hana Inno biza sau biyu, a na uku aka ba ta, ta zo yi mini zaman jego. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce yaushe Musbahu zai zo da motar. Ran Alhamis ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, please, ki taimake ni. Ki ce mata tana garage, ta faɗi MOT, gwajin lafiyar mota. Just for now, kafin in san yadda zan yi."

"Ni? Da ɗanyen jego in yi wa uwata ƙarya? No way. Ka zo da motarka, Alhaji, akwai parking a ƙofar gida."

Can ya ce, "Shi ke nan. Ran Asabar."

Ba zan ɓoye ba, na ƙagu Asabar ta yi. Shekara uku ina cewa ya watsar da kayan wasan nan ya nemi aikin da ya dace da shi, yana ce mini shi ne kawai abin da ke hana kansa fashewa. To ga ranar da za a fasa masa.

Tun azahar Inno ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta shafa turare, ta ja kujera bakin taga. Ta ce ita gidan gaba za ta zauna, ya zaga da ita ko sau ɗaya ne. Duk farar motar da ta shigo layin sai ta miƙe. Ana yayyafi. Wajen la'asar ya ɓullo daga kwanar Stratford Road a ƙafa, shi kaɗai, rungume da wani kwalin takalmi da ya naɗe a leda. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta dafa kansa ta sa albarka, idonta na kan titi.

"Ina ka ajiye ta?"

"Ga ta nan, Inno."

Ya warware ledar, ya buɗe kwalin, ya ɗebe audugar da ya kewaye ta da ita, ya ɗora ta a kan teburin tsakar falo da hannu biyu. Dole in faɗi gaskiya, motar Baba ce. Farin nan da ya ɗan koma ruwan madara, ƙarfen sama, lambar, har da ɗan bargon da Baba ke shimfiɗawa a kujerarsa. Inno ta sa tabarau ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa lotsewar nan ta baya, ta janye.

"Ashe da gaske kake," ta ce. "Ƙarama ce."

Sai ta jawo jakarta, ta fito da wani ƙullin hankici, ta kwance shi a hankali. Zakin ƙarfe ne, irin wanda ke gaban kowace Fijo, duk ya dusashe. Ta ce ranar da 'yan gwangwan suka zo, da wuƙar kicin ta ɓamɓare shi kafin su ɗaura igiya, shekara goma sha shida yana ƙasan akwatinta ba wanda ya sani. Ta ce ta kawo ne ya maƙala a gaba in ya gama. Ta ajiye shi kusa da motar. Zakin ya fi gaban motar faɗi.

Dariyar da na tanada tun ran Alhamis ta suɓuce mini. Ita kaɗai ta fita a falon, ba wanda ya taya ni.

Inno ba ta ko waiwayo ni ba. Ta ce, "A me ka zo?"

"A coach, Inno, babbar safa. Sai na hau bas daga tasha."

"Aikin council ɗin fa? Shi ma irin wannan ne?"

Yana durƙushe ya faɗa mata duka: wasiƙar sallama, wata taran, siton, kwalayen caja. Bai kare kansa ba, bai ce gwamnati ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ta dai gyaɗa kai kawai tana juya zakin a tafin hannu. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke kin sani?"

"Inno, ai shi ne ya ce kada a..."

"Na ce kin sani?"

"Na sani."

"Duk Juma'ar da nake yi wa motar nan addu'a, ina tara mata ina ba su labari, kina sane. Shi kunya ce ta ɗaure masa baki, na gani a fuskarsa. Ke me ya ɗaure naki?"

Ina da baki, kowa ya shaida. Ranar kuwa sunkuyawa na yi na hau tattara audugar kwalin.

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramar jakarta da carbinta. Ta ce wa Musbahu ya mayar da motar kwalinta, za ta bi shi ta ga Batulu da yara, ta ga inda yake kwana. Na ce Inno, ki bari mijina Dakta ya dawo ya kai ku, ga mota a waje. Ta ce a abin da ɗanta ya zo a shi za ta tafi. Na ce jegona fa? Ta ce wannan ne na huɗu, na san yadda ake dafa ruwa.

Ta taga na hango su a tashar bas, yayyafin ya ƙaru. Shi yana riƙe da jakarta, ita ta karɓi kwalin ta sa shi a ƙarƙashin mayafi. Har yau ina nan a kan bakata, aikin banza ne, kuma na ji motocin sun kai ashirin da shida. Amma cikin kwana arba'in ɗin da ta zo yi mini, goma sha tara a Moss Side ta yi su, kuma da ta dawo ba ta sake ba ni labarin komai ba sai abin da na tambaya.