Gishirin Lavinia

Ranar da Lavinia ta rasu, hazon teku ya sauka tun da safe, mai sanyi da danshi, har mutum ba ya ganin goshin jirginsa. Can cikin hazon ana jin dutsen ƙanƙara yana tsagewa, kamar ana faskare a nesa. Lokacin kamun kifi ne na shekarar 1948.

Mijinta, Heber Gosse, masunci ne daga wani ɗan tsibiri a Newfoundland. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke yakan bi jirgin Kawu Job Tizzard zuwa gaɓar Labrador, wani yankin ƙasarsu can arewa, shi yana kamu, ita tana yi wa mazan jirgin girki. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a can, bai ja dogon lokaci ba.

A shekarar ba a hirar komai sai ƙuri'a. Newfoundland ta taɓa mulkin kanta, bashi ya durƙusar da ita har Ingila ta karɓi ragama. Yanzu ana tambayar mutane: a koma cin gashin kai, ko a shiga Kanada? Wasu suka ce in aka koma dole a sake rance, mai ba da rance kuwa sai da jingina, ba abin jinginarwa kuma sai Labrador. Wasu suka ce in aka shiga Kanada, lardin Kanada da ke maƙwabtaka da Labrador za a miƙa wa ita. Heber bai yi karatu ba, amma ya san jingina, don ita ta ci jirgin mahaifinsa. A ganinsa ko wa ya ci, gaɓar nan ta tafi hannun baƙi.

Saboda haka da Kawu Job ya ce a haƙa kabari a kan tudu, sai Heber ya ƙi. Ya ce ba zai sa matarsa a ƙasar da ake ciniki ba, gobe ya zo ziyara a ce sai ya nemi izini. A yi mata yadda mutanen dā ke yi: akwati, a cika da gishiri, ta jira komawa gida.

"Ɗana, gishirin nan na kifi ne," in ji Kawu Job. "Abin da ka zuba mata daga rabonka zai fita."

"A cire, Kawu."

Aka ajiye akwatin a lungun rumfar kifi. Danshi na narkar da gishirin, wani siririn ruwa na fitowa daga ƙasan akwatin, yana bin tsagar katako yana ɗiga cikin teku. Kullum da safe Heber ya buɗe, ya ƙara gishiri, ya gaya mata labarin da ake ciki. Karnuka suka tare a bakin ƙofa, ba haushi, ba shiga. Mazan suka daina shan taba a wurin. Wata rana wani mai tsokana, Absalom, ya ce, "Kai Heber, uwargidan taka wa za ta zaɓa ne?"

"Ta ce ba ruwanta. Gida take so."

Ba wanda ya yi dariya.

Jirgin wasiƙu ya kawo labari: Kanada ta ci. Ba a jinginar da Labrador ba, ba a ba kowa. Da ita da tsibirinsu duk sun tafi tare. Kawu Job ya ce to har yanzu nan da gida ƙasa ɗaya ce, a binne baiwar Allah a huta. Heber ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce ya riga ya gaya mata za su gida. Ya ci gaba da zuba gishiri, kifinsa na ruɓewa a gefe.

Da sanyi ya matso suka dawo gida. Aka buɗe wa ƙanwarta akwatin: fuskar na nan yadda take, sai dai ta ƙandare, gashin idon ya yi fari fat. Aka binne ta bayan coci. Ciyawa ba ta taɓa fitowa a kan kabarin ba.

Heber bai sake aure ba, bai kuma sake zuwa Labrador ba. Bayan shekaru gwamnati ta biya mutane su bar ƙananan tsibirai. Aka ja gidajensu na katako a kan ruwa zuwa sabon mazauni, kaburbura suka zauna. Shi ne na ƙarshen shiga jirgi.

Heber yana kwance a maƙabartar garin da aka kai su, gefen titin mota. Lavinia tana tsibirin, kuma ba kowa a can yanzu.