Ranar da na toshe wa 'yata baki a Vietnam

Shekara ashirin da ɗoriya ina Greensboro a Amurka, kuma duk zaman nan akwai magana guda da na hana ta shiga gidana: yadda muka baro garinmu a Filato, 'yata tana goye. Ta san an yi rikici, ta san babanta ya rasu tana jaririya. Iyakar abin da na bari ta sani ke nan. In ta matsa da tambaya sai in ce ta je ta duba tukunya. Na yi wa kaina alkawari yarinyar nan ba za ta girma da wannan kaya a ka ba, kuma taurin kaina kowa a cocinmu zai ba da shaida.

Da ta gama jami'a, tana ɗan aiki a wani shagon kofi a Elm Street, sai ta zo min da batun Vietnam. Wai ni da ita, kowa da jakarsa a baya. Na ce, "Ke, duk faɗin duniyar Allah ki rasa inda za ki kai uwarki sai inda aka yi yaƙi?" Ta amsa da Turanci, kamar kullum, cewa an daɗe da gama yaƙin, kuma ta riga ta biya tikiti. Haka na tsinci kaina da furfurata na goya jaka kamar mai jego.

Na ga acaɓa a Kano a lokacin da yake tashe, na ɗauka na gama ganin babura. Ashe kallo na Saigon, birnin da muka sauka a Vietnam. Mutum ɗaya zai ɗora matarsa da 'ya'ya biyu da kejin kaji, ya kuma sami hannun riƙe waya. Na tsaya bakin titi ina jiran su tsaya, su kuwa ko a jikinsu. Sai wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba ta cafke hannuna ta ja ni tsakiyarsu, a hankali, ba gudu ba tsayawa, babura suna kauce mana dama da hagu. "Yesu, Yesu" nake yi har muka haye. 'Yata tana gefe tana dariya har da riƙe ciki. Masaukin da ta kama mana kuwa gado ne mai hawa biyu, a ɗaki ɗaya da wasu 'yan matan Turawa da suka shanya safa a kan komai.

Washegari ta kai ni gidan adana tarihin yaƙi. A tsakar gida tankoki ne da jirage, mutane suna jingina da su suna murmushi ana ɗaukarsu hoto. A sama kuma hotuna ne bango guda: ƙauyuka a ƙone, gawawwaki a bakin hanya, yaran da aka haifa da nakasa saboda gubar da aka fesa wa dazuzzuka. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne 'yan makaranta da na gani cikin yunifom, malamarsu tana nuna musu hoto bayan hoto tana bayani. Na ce a raina, waɗanne irin mutane ne ke nuna wa 'ya'yansu wannan da gangan? Na ce wa 'yata ƙafata ke ciwo, na sauka na jira ta a ƙarƙashin bishiya.

Kwana na gaba muka shiga bas zuwa wani daji a bayan gari, inda mayaƙa suka haƙa ramuka suka zauna a ƙarƙashin ƙasa. Mai yi mana jagora saurayi ne mai barkwanci. Ya share ganye da ƙafa, ya ɗaga wani ɗan murfi, ya ce wa zai gwada shiga. Na dubi ramin, na dubi ƙuguna, na ce su je Allah ya kiyaye. Ya ce har haihuwa an yi a ciki. Ban so jin wannan ba, na ɗan ja baya.

Sai kawai aka saki harbi. Ba ɗaya ba, a jere, kuma kusa.

Ban yi tunanin komai ba. Na fizgo 'yata na kayar da ita, na kwanta a kanta da jakata da komai, na danne mata baki da tafin hannu. Tana mutsu-mutsu ina ƙara dannewa. Na ji wani ya fashe da dariya, sannan dariyar ta yanke. Jagoran ya durƙusa kusa da ni yana cewa, "Madam, madam," yana nuna bayan itatuwa. Wai fili ne aka keɓe, baƙi suna biyan kuɗi su harba bindigogin zamanin yaƙi don nishaɗi.

Don nishaɗi! Na tashi zaune cikin jar ƙasa, ina kakkaɓe zani, raina ya ɓaci fiye da yadda kunya ta kama ni. Na zazzaga masa masifa da Hausa tsantsa, yana ta gyaɗa kai, bawan Allah.

A ƙarshen zagayen aka zaunar da mu a benci aka kawo dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa, wai abincin mayaƙan ke nan. Leɓen 'yata ya fashe, tana dannawa da tishu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe, wadda ba ta fito da ita sai abu ya kai maƙura.

"Mama, faɗuwar na gane. Amma don me kika rufe min baki? Ban ce komai ba."

Na ce, "Ci rogonki."

Ta ture farantin. Na ga cewa yau babu tukunyar da zan aike ta dubawa.

Na gaya mata. Na ce ranar babanta ya tura mu gaba, ya koma don ya ɗauko kakarta, bai dawo ba. Na ce akwai kwalbati a bayan layinmu, a ciki na shige da ita, ruwan kwata har gwiwa, mutane suna wucewa a samanmu ana harbi. Ko rarrafe ba ta fara ba. Ta buɗe baki za ta yi kuka, na sa hannu. Ban san tsawon lokacin da na riƙe ba. Da ƙafafu suka ɗauke na cire hannun, sai na ga ba ta motsi.

"Na ɗauka ni na kashe ki," na ce. "Na jijjiga ki, na hura miki iska a fuska, ina kiran sunan Ubangiji ba murya."

"Sai me?"

"Sai kika yi atishawa."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta jawo hannuna na dama ta juya shi, tana duban tafin, da jinin leɓenta a jiki. A bayan itatuwa wani ya sake sakin harbi, kafaɗuna suka zabura.

"Wasa suke yi, Mama," ta ce. "Zauna. Gaya min yadda babana yake."