Randunan Buakaew

Tun tana yarinya a ƙauyensu da ke Lamphun ake tsokanar Buakaew saboda haƙoranta masu ruwan ƙasa. Ta dirje su da gawayi da gishiri har dasashi ya yi jini, a banza. Ko a kasuwa, inda take sayar da dafaffiyar shinkafa, sai ta kare baki take dariya.

Bayan ta haifi 'yarta Fongchan, ta je wurin likitar haƙori.

"Yaya, ba ƙazanta ba ce," in ji likitar. "Maganinmu yana ratsa haƙori ya cinye rinin shayi da taba. Naki kuwa ruwan rijiyarku ne ya rina su tun suna cikin dasashi. Sai dai su ɗan washe."

Ta fasa. Ta koma gida ta jera randuna ƙarƙashin indararo tana tarar ruwan sama.

Mijinta Insom ya ce, "Uwar Fongchan, ga rijiya a ƙofa, wace wahala ce wannan?"

"Kai ka sha rijiyarka. Ita dai ba za ta ɗanɗana ba."

Yau Fongchan ta girma, haƙoranta farare tas, dariyarta har ta yi yawa. Buakaew ba ta taɓa ce mata ta rufe baki ba.