Ranar da na gane hannun Malam Habibu

A shekarar da aka yanke Katsina daga jihar Kaduna, lokacin da abokan aikinmu da yawa ke ɗaure kaya suna komawa gida, an yi wata Talata da har yau ban manta da ita ba. Ina rubuta labarinta ne domin ku da kuka shigo aikin fota a bayanmu. Na lura ana ba ku shi a gutsure, kuma duk wanda ya ba da shi sai ya ƙara mini wata wautar a kan wadda na yi. Wadda na yi ɗin ma ta isa.

A lokacin ina fota mai mataki na biyu a ɗakunan kwanan ɗalibai maza na wata kwaleji a nan Kaduna ta Arewa. Ga wanda bai san aikin ba, fota shi ke zama a bakin ƙofa. Yana riƙe makullai, yana hana baƙi shiga, yana kai rahoto idan famfo ya lalace ko kwan lantarki ya mutu. A samana akwai babban fota, Malam Audu, a samansa kuma akwai jami'in harkokin ɗalibai, wanda muke ce wa Oga kawai.

Cikin aikina har da kula da allon ra'ayi, wani faffaɗan katako da ke jikin bango kusa da bencina. Dokar kwaleji ta ba kowane ɗalibi izini ya rubuta abin da ke damunsa ya manna a nan, ko da a kan abincin kicin ne ko a kan malamai. Yana iya sa sunan aro. Sharaɗin ɗaya ne: ya fara kai takardar wurin Oga, Oga ya rubuta sunansa na gaskiya a wani littafi da yake kullewa a durowa, sannan ya buga wa takardar hatimi. Nawa aikin shi ne in duba. Mai hatimi in bar ta, marar hatimi in yage. Aikin bai buƙaci karatu ba, shi ya sa ya dace da ni, domin na kai shekara talatin da tara ban san baƙi ɗaya na boko ba.

Akwai kuma wata ƙungiya ta ɗalibai da ake ce wa 'Yan Farar Hula. Ba kowa suke ɗauka ba, su ke zaɓar wanda suke so. Suna da ɗakuna mafi kyau a hawa na ɗaya, suna cin abinci tare, kuma tsofaffin 'yan ƙungiyar da suka zama manya a ma'aikatu su ke samo wa na baya wurin koyon aiki, daga nan kuma aiki. Duk wanda zai shiga sai ya sa hannu a kan dokokinsu. Wadda kowa ya sani ita ce, abin da aka yi a cikin ƙungiya ba ya fita waje, kuma ɗan ƙungiya ba ya sukar ta a gaban wanda ba nasu ba.

Habibu ɗan ƙungiyar ne, yana shekara ta biyu a karatun awon ƙasa. Mahaifinsa tela ne a Babbar Kasuwa. Shi ya lura ina gane makullai da launin zaren da na ɗaura musu, ba da lamba ba. Na gaya masa na yi rajista a ajin yaƙi da jahilci a Rigasa, amma canjin aiki yana hana ni zuwa. Ya ce, "Baba Ilu, sayo littafi da fensir, mu yi a nan." Sau uku a mako, bayan la'asar, yakan zauna a bencina ya rubuta layi ɗaya a saman shafi da manyan baƙaƙe, ni kuma in kwaikwaya har ƙasa. Wata biyar muna haka. Na girme shi da shekara kusan ashirin, amma Malam nake ce masa.

To, karatu ya fara shiga, kai kuma ya fara kumbura. Idan na hau keke daga Rigasa, ba allon shago da zan wuce ban karanta shi da ƙarfi ba. Sau biyu na kusa afka wa mai tura ruwa ina haɗa baƙaƙen wani shagon ɗinki. Na sayi biro na maƙala a aljihun gaba, alhali ban wuce fensir ba. Mai ɗakina ta ce tun da na fara karatu ko gwangwanin madara ba ya samun hutu a gidanmu.

Ranar Talatar ina aikin safe. Wajen ƙarfe goma na ga ɗalibai sun yi cincirindo a gaban allo, wasu na dariya, wasu sun haɗe rai. Na kutsa na duba. Takarda ce shafi biyu, da hatimin Oga a ƙasa, saboda haka ba ruwana da ita. Da a nan na koma bencina da ba a yi wannan labari ba. Amma da Turanci aka rubuta ta, da manyan baƙaƙe tun daga sama har ƙasa, kuma sunan aron da ke ƙarshe na Hausa ne. Sai na sunkuya, na sa yatsa, na karanta shi a fili don a ji: "Mai Ido."

Ina cikin jin daɗin wannan nasara sai idona ya koma kan sauran rubutun. Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma na san baƙaƙen kamar yadda na san fuskokin 'ya'yana. Ga A mai tsini da aka ja wa ɗamara can ƙasa. Ga R da ƙafarta ta miƙe kamar za ta yi shuri. Ɗalibai sun san rubutun Habibu na aji, wanda ake haɗa baƙaƙe, shi ya sa ya yi wannan da manya don kada a gane shi. Mutum ɗaya ne a duk kwalejin ya shafe wata biyar yana kallon manyan baƙaƙensa, kuma ga shi tsaye da biro a aljihu.

Na ce, "Ai wannan hannun malamina ne."

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka mamakin ilimina ake yi.

Kabiru, sakataren 'Yan Farar Hula, yana tsaye kusa da ni. Yaro ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ce, "Wane malamin naka, Baba?"

"Malam Habibu mana."

Ya yi murmushi. "Haba Baba Ilu. Kai da jiya-jiya kake gane makulli da zare, yau kai ne mai gane hannu? Bar wa masu karatu."

Wasu suka yi dariya. Ku da kuka san ni kun san ba ni da saurin fushi. Na yi shekaru ɗalibai na kirana da sunaye iri-iri ban tanka ba. Amma a taɓa karatuna a gaban jama'a, wannan ban iya haɗiye shi ba. Na ce ya tsaya nan kada ya motsa. Na tafi da sauri na buɗe akwatina, na ɗauko littafin rubutuna, na dawo na buɗe shi a jikin allo, daf da takardar. Har ina nuna musu da yatsa: "Dubi wannan, dubi wannan. Ƙarya na yi?"

Kabiru ya duba a natse, ya juya shafi biyu, ya ce, "Wallahi Baba ka iya. Na janye maganata." Na ji daɗi ƙwarai. Na koma benci ina jin kamar an ƙara mini mataki.

Sai da azahar Malam Audu ya zo ya same ni. Ya ce, "Ilu, ka san abin da aka rubuta a takardar nan?"

Na ce ban kai Turanci ba tukuna.

Ya zauna ya fassara mini. Takardar ta ce 'Yan Farar Hula suna sa sababbin shiga wankin kayan manya da ɗebo musu ruwa har wata uku, kuma sun sa wani yaro mai ciwon asma tsallen kwaɗo a rana har ya faɗi, aka kai shi asibiti aka ce zazzaɓi ne. Ta ce wanda ya shiga ƙungiya bai sayar da bakinsa ba. Malam Audu ya gama ya dube ni. "Tun safe suke neman wanda ya rubuta. Sun je wurin Oga ya kore su. Kai kuma ka ba su har da shaida."

Ranar Alhamis ƙungiya ta zauna. Suka karɓe hular Habibu, suka cire sunansa, suka hana kowane ɗan ƙungiya yi masa magana. Abokan ɗakinsa uku duk nasu ne. Sai ya shiga ya yi sallama, ba mai amsawa. Wurin koyon aiki da wani tsohon ɗan ƙungiya ya yi masa alkawari a wani kamfanin gine-gine, aka aiko cewa an cike.

Habibu ya kai ƙara wurin Oga, aka kira ni ranar Litinin a matsayin shaida. Na tsaya a bakin ƙofa da hulata a hannu.

Habibu ya ce, "Yallaɓai, na bi doka. Kai ka buga hatimi. Dokar kwaleji ce babba ko ta ƙungiya?"

Oga ya ce, "Ta kwaleji. Shi ya sa ba wanda zai kore ka daga aji, ba wanda zai taɓa takardarka a allo. Amma kai ka sa hannu a dokarsu. Ba ni da ikon tilasta wa mutum ya amsa sallamarka, ko ya samo maka aiki."

"To mene ne amfanin izinin magana, idan wanda ya yi ta zai rasa komai?"

"Amfaninsa yana cikin durowar nan," in ji Oga, ya buga ta da hannu. "Na kulle sunanka da makulli biyu. Ban san akwai wani kwafi a akwatin fota ba." Sai ya juyo gare ni. "Ilu, wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da ke cikin takardar?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ka je yi?"

Na ce, "Na ga hannun da na sani ne." Sai Oga ya ce wa akawu ya buga mini takardar tuhuma, in ba da amsa a rubuce cikin kwana biyu.

Takardar tuhumar da Turanci take. Na yi kwana ɗaya ina yawo da ita a aljihu, kunya ta hana ni nuna wa kowa. A lokacin Habibu ya riga ya kwashe kayansa ya koma gidan kawunsa a Hayin Banki. Washegari da na tashi aiki na hau keke na yi ta tambaya har na sami gidan. Na tarar da shi a zaure yana zane a kan wani allo. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ya ce, "Tashi Baba, kada kawu ya fito ya ga na sa dattijo durƙuso, a ƙara korata daga nan ma."

Na ba shi haƙuri iyakar iyawata. Ya ce, "Na ji haushinka kwana uku. Daga baya na ce, cikin ɗalibai ɗari nawa ba wanda ya gane, sai nawa ɗalibin. Aƙalla na san koyarwata ta shiga." Ya ga ina ta taɓa aljihu. "Mene ne wannan?"

Na miƙa masa. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko takarda. Shi ya rubuta mini amsar tuhumar da aka yi mini a kan cutar da na yi masa. Da ya gama ya ce in sa hannu da kaina, ba dangwale ba. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunana a takardar gwamnati.

Kwaleji ta kafa kwamiti, aka gargaɗi ƙungiyar, wanki da tsallen kwaɗo suka tsaya na zango ɗaya. Ban san abin da ya biyo baya ba, domin an mayar da ni ƙofar ɗakin karatu, inda ba allo. Na koma ajin yaƙi da jahilci na Rigasa, na yi shekara uku kafin in kai inda nake iya rubuta wannan.

Abin da na koya shi ne, fota yana ganin fiye da kowa: wa ya shiga, wa ya fita, wa ya manna me. Kwaleji tana iya ba ɗalibi izinin magana, amma izinin ba ya tsayawa sai mu da ke bakin ƙofa mun riƙe bakinmu. Ni ban riƙe nawa ba, kuma ba don mugunta ko kwaɗayi ba, don kawai a ce na iya.

Ga abin da aka rasa. Habibu ya rasa hularsa, da gadonsa a hawa na ɗaya, da abokai uku, da wurin koyon aiki, wanda rashinsa ya sa ya gama karatu shekara ɗaya bayan 'yan ajinsa. Allon ra'ayi ya yi wata huɗu ba wanda ya manna masa komai sai sanarwar wasan ƙwallo. Ni na rasa ƙarin mataki na shekarar, da bencina, da malami.