Kwana Ukun da Baba Habila Bai Amsa Gaisuwa Ba

A wani lungu na unguwar New Bell a birnin Duwala, inda gidajen Hausawa suka yi kafaɗa da kafaɗa har ruwan indararon wannan yake zuba a tsakar gidan wancan, akwai shagon wani kafinta mai suna Habila. Gajere ne kakkaura, hannuwansa duk kanta, kuma tun gashinsa bai yi fari ba ake ce masa Baba. Mutumin duwatsun Mokolo ne, can arewa kusa da iyaka. Hausa a kasuwa ya koye ta tun yana saurayi, shi ya sa har yau in ya yi magana da sauri harshen garinsu yakan leƙo.

A shekarar 1987 ya sauka Duwala da jaka ɗaya da guduma da zarton da ubangidansa ya sallame shi da su. Wani ɗan garinsu mai gadi ne ya kai shi gidan su Halilu, aka ba shi ɗakin zaure. Halilu a New Bell aka haife shi, kakansa ne ya zo fatauci ya zauna. A lokacin ma'aikacin ofis ne a tashar jiragen ruwa, kullum da riga mai guga, in magana ta yi zafi sai ya juye Faransanci. Ya girmi Habila da shekara shida. Da ya ji baƙon Kirista ne, abin da ya tambaya kawai shi ne ko ya iya gyaran ƙofa, don tasu ta shekara tana jan ƙasa. Daga gyaran ƙofar nan zumunci ya ƙullu. Da Habila ya yi aure ya kama gidan da ke jikin nasu, ranar Babbar Sallah cinyar rago takan tsallako katanga, ranar Kirsimeti kuwa Halilu ake kira ya yanka kajin, domin iyalinsa su ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

'Yan arewa Kiristoci da ke unguwar suna da wata ƙaramar majami'a ta katako da kwano. Masu gadi ne da 'yan dako da masu sayar da albasa da matuƙa bensikin, wato babur na haya. Kowa da yarensa, sai Hausa ta haɗa su a sujada. Fasto daga unguwar Cité des Palmiers yake zuwa, Lahadi ɗaya a cikin biyu, saboda haka nauyin jama'a yana wuyan dattijon ikkilisiya. Habila yana da shekara talatin da tara aka zaɓe shi. Shi ke raka mara lafiya asibiti, shi ke sasanta miji da mata, shi ke neman wa sabon zuwa wurin kwana. In ruwan Agusta ya cika lambatu ya shigo majami'a, kafin kowa ya iso ya riga ya naɗe ƙafar wando yana kwarfe ruwa da bokiti.

A waje ke nan. A gida kuwa labari ya sha bamban, kuma shi da kansa yake ba da wannan labarin, ba ya ɓoyewa. Mutum ne mai tsawa. Haƙurin da yake rabawa mutane tun safe, kafin ya iso ƙofar gidansa ya ƙare. Da 'ya'yansa sun ji takunsa sai kowa ya nemi abin yi. Matarsa Zinariya, mai toya ƙosai a bakin titi, ta yi shekaru tana haɗiyewa. Wata Lahadi da rana, sun dawo daga sujada inda ya yi wa maza gargaɗi a kan riƙon iyali, ya daka wa babbar 'yarsu Lidiya tsawa don ta bar tsintsiya a hanya. Zinariya ta jira yarinyar ta fita, ta ajiye masa tuwo, ta zauna.

"Baban Lidiya, mutumin nan da ya yi magana a coci yau, ina ma a gidan nan yake kwana."

Bai ci tuwon ba. Ya yi fushi, kuma fushin ya daɗa zafi ne don ya san gaskiya ta faɗa. Sai da aka kwana biyu ya tara 'ya'yansa huɗu da uwarsu a tsakar gida ya roƙe su gafara, bakinsa yana nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Halin bai fita rana ɗaya ba. Amma daga lokacin, in ya ji tsawa ta taso masa, sai ya ɗauki bokiti biyu ya tafi famfon unguwa ɗiban ruwa. Maƙwabta suka yi ta mamakin dattijon coci a layin famfo tsakanin mata. Zinariya takan ce a shekarar nan randarta ba ta taɓa yin ƙasa ba. Shi kuwa abin da ya riƙa faɗa wa maza bayan haka shi ne, Ubangijin da suke bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, don haka wanda aka ce shi ne kan gida, shi ya kamata ya fi kowa sanin inda bokiti yake.

Jarrabawar da ta fi girgiza shi ta zo ne a shekarar 2015. Da hantsi yana cikin auna katakon wata taga wayarsa ta yi ƙara. Daga gida ne. 'Yan bindiga sun tsallako iyaka sun faɗa wa ƙauyensu, sun ƙone rumbuna da majami'a, sun kashe mutum bakwai. A cikinsu har da ƙanensa Irmiya, wanda suke ciki ɗaya, wanda Habila ya goya a bayansa suna kiwon awaki a kan dutse. An riga an binne su. Hanya ba ta biyuwa, kada ya ce zai zo.

Ya kashe wayar ya ci gaba da awo. Ya auna katakon nan sau biyar bai riƙe lambar ba.

Kafin azahar labari ya zaga lungun. Halilu, wanda a lokacin ya yi ritaya har ya sauke farali ana ce masa Alhaji, ya zo da limamin unguwa da wasu dattawa uku. Suka tsaya a bakin shago suka yi sallama. Habila yana jin su, ya duƙufa a kan zarto bai ɗago ba. Suka sake sallama. Da shirun ya yi yawa suka wuce cikin gida, Zinariya ta shimfiɗa musu tabarma ta karɓi gaisuwar. Washegari da safe Alhaji Halilu ya biyo ta ƙofar shagon ya ce, "Habila, ina kwana, ya ƙarin haƙuri?" Bai amsa ba. Rana ta uku ma haka. Ya sani sarai mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Mokolo ba, kuma ya san waɗanda suka kashe Irmiya sun kashe limamai da masu salla ba adadi. Amma da ya ji kiran salla daga masallacin lungu sai zafin ya taso masa, ya rasa inda zai kai shi sai kan wanda ya fi kusa.

Ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Kusan kowa a majami'ar yana da wanda aka kashe ko aka kora. Barnaba, wani matuƙin bensikin mai 'ya'ya biyar wanda aka ƙone gidan mahaifiyarsa, ya fara bi gida-gida yana cewa lokaci ya yi da za su raba gari da mutanen unguwar. A daina sayen namansu, a daina ɗaukar su a babur, a tashi da majami'ar a koma unguwar Ndogpassi. Ya ce ai ko Baba Habila ya daina amsa gaisuwarsu. Aka sa taron zumuntar maza ranar Asabar da yamma.

Zinariya ce ta kawo masa wannan magana ranar Juma'a, ta faɗa masa yadda ake yawo da sunansa. Sannan ta koma wajen kaskonta. Habila ya zauna a kan bencin da bai gama haɗawa ba. Bai taɓa ce wa kowa ya ƙi maƙwabcinsa ba, amma ga shi maza talatin sun karanta shirunsa sun ɗauke shi umarni. Ya daɗe yana addu'a, kuma ya ce addu'ar ba ta sanyaya masa zuciya ba ko kaɗan. Duk da haka ya tashi ya karkaɗe garin katako daga jikinsa, ya jira aka sauko daga masallaci, ya shiga zauren Alhaji Halilu inda mutane ke zaune.

"Yaya Halilu, ka gaishe ni kwana uku ban amsa ba. Ba ka yi mini komai ba. Na zo in amsa, kuma ka yafe mini."

Alhaji Halilu ya fara magana da Faransanci, sannan ya dawo Hausa. Ya ce Irmiya ai a zauren nan ya kwana wata biyu lokacin da ya zo jinyar ƙafa, shi ma ƙanensa ne. A nan Habila ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka bugo waya, a gaban mutanen da ya ƙi kallo.

Ranar Asabar majami'a ta cika. Barnaba ya yi magana mai tsawo, kuma ba wanda zai ce ƙarya ya yi a kan abin da aka yi musu. Habila ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, bai katse kowa ba. Da aka zo kansa ya miƙe ya ce kafin komai yana da laifin da zai furta. Ya ba su labarin kwana ukun, da zuwansa zauren Alhaji.

"Ni na fara kauce hanya, kuka biyo ni," in ji shi. "Zafin da kuke ji ina jin sa, uwa ɗaya ta haife mu da Irmiya. Amma mahaucin da ke bakin titi ba shi ya kashe shi ba. An umarce mu mu ƙaunaci maƙiyi ma, balle maƙwabcin da ya zo mana gaisuwa. Wanda zai tashi saboda haya ko aiki, Allah ya kiyaye hanya. Amma majami'ar nan ba za ta tashi don ƙiyayya ba muddin ni ne dattijonta. In kun ga na yi kuskure, ku sauke ni yau, ba zan riƙe kowa a zuciya ba."

Barnaba ya ce masa tsoro ne ya kama shi, ya sayar da jinin ɗan'uwansa don zaman lafiyar shagonsa. Maganar ta soke shi, har ya ji tsohuwar tsawar nan ta taso masa. Ya riƙe bayan benci da hannu biyu, ya ce ya ji, ya zauna.

Ba a sauke shi ba, amma ba a bi shi duka ba. Gida shida suka tashi tare da Barnaba suka kama wani ɗaki a Ndogpassi suna sujada. Da Habila ya ji a kan bulo suke zama, ya haɗa benci huɗu ya ɗora a amalanke ya aika musu. Barnaba ya karɓa, bai aiko da godiya ba. Har yau in sun haɗu wurin jana'iza sukan gaisa, gaisuwar ba ta wuce ta hannu.

Bayan wata biyu matar Irmiya, Tabita, ta iso Duwala da 'ya'ya uku da ƙullin kaya ɗaya. Gidan Habila ɗaki biyu ne. Ya bar wa mata da yara ɗakunan, shi ya koma kwana a shago a kan katako har tsawon wata bakwai, ga sauron New Bell. Hajiya Rakiyatu, ƙanwar Alhaji Halilu, ita ta ja Tabita cikin sana'arta ta dafa abincin biki, har ta tsaya da ƙafarta ta kama ɗakinta. Da farko Tabita ba ta iya haɗa ido da mai hula da carbi. Habila bai matsa mata da wa'azi ba, ya ce wanda ya ga abin da ta gani ba a yi masa gaggawa.

Bara ya ajiye dattijantaka, bayan shekara fiye da ashirin. Jama'a sun so ya ci gaba, ya ce idonsa ya fara hazo, kuma gara ya sauka yana da sauran ƙarfin taimaka wa wanda zai hau. Aka zaɓi Filibus, wani mai sayar da albasa ɗan shekara arba'in da biyu. Yanzu ranar Lahadi Baba Habila a bencin baya yake zama kusa da ƙofa, yana matsa wa masu makara wuri. In Filibus ya yanke shawarar da bai gamsu da ita ba, ba ya magana a taro, sai ranar Litinin ya taka har rumfar albasa su yi ta su biyu.

Bai koma Mokolo ba har yanzu. An ce hanya ta yi sauƙi, wasu ma sun koma sun yi shuka. Yana so ya ga kabarin Irmiya, kuma ya faɗa wa Zinariya yana tsoron abin da zai taso masa in ya tsaya a wurin. Ta ce in ya shirya tare za su tafi. Sun sa rana bayan damina, in Allah ya kai mu.