Hamid Gola na Bi'ir Ali

Duk wanda ya saba sauka a Bi'ir Ali don ɗaura harami ya san Hamid, ko da bai san sunansa ba: dogon mutumin nan mai faɗin tafin hannu da ke tsaye a ƙofar shagon harami da silifa, yana kiran alhazai da Hausa da Larabci. Tsofaffin unguwarsu har yau Gola suke ce masa.

A Madina aka haife shi, can bayan masallacin Anbariyya. Mahaifinsa, Malam Abdou tela, daga Damagaram ya zo aikin hajji ya yi zamansa, amma har ya tsufa bai samu takardar ɗan ƙasa ba. Don haka Hamid ma igama, takardar zaman baƙo, ya gada.

Yana da shekara goma sha tara ya tafi Yanbu aikin dakon bututu a wani kamfani. Ma'aikatan suna da ƙungiyar ƙwallo, suka tura shi raga saboda tsawonsa. A nan wani tsohon injiniya Bajamushe, wanda leburori ke kira Baba Jamus, ya lura da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, tsohon ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsare ragar ƙungiyar garinsu, har yatsunsa biyu sun karkace. Ya kira Hamid gefe, ya ce masa da guntun Larabcinsa, "Kana faɗuwa kamar buhun shinkafa. Ka zo gobe."

Shekara biyu yana horar da shi bayan an tashi aiki: inda ake tsayawa, yadda ake fita a tare ɗan gaba, yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Sai da ta kai ƙungiyoyin kamfanoni na gudun a haɗa su da su Hamid.

Wata ƙungiya a Madina ta ji labari ta kira shi gwaji. Kwana uku ana buga masa, ƙwallo biyu kacal ta shiga. Rana ta huɗu manajan ya zaunar da shi a ofis, ya zuba masa shayi, ya ce, "Yallah, kawo tabi'iyyarka, takardar ɗan ƙasa, mu rubuta sunanka."

"Igama gare ni, ya ustaz. Amma nan aka haife ni."

Mutumin ya rufe fayil ɗin a hankali. "Wallahi na so ka. Ba ni na yi dokar ba."

Baba Jamus bai haƙura ba. Ya rubuta wa tsohuwar ƙungiyarsa wasiƙa, suka amsa cewa Hamid ya zo ƙasarsu su gan shi. Hamid ya kai watanni yana zarya tsakanin ofishin jakadancin Nijar, don fasfo, da kafilinsa, ubangidan da sai ya sa hannu zai fita ƙasar, wanda kullum sai ya ce bukra, wato gobe. Ana cikin haka shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Malam Abdou. Mahaifiyar Hamid, Tasallah, ba ta hana shi tafiyar ba, tambaya ɗaya ta yi masa: "In ka fita igamarka ta mutu, ta ina za ka dawo mana?"

Hamid ya fasa tafiyar ya dawo gida, shekara bakwai yana ɗaga mahaifinsa yana kwantarwa, har Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan Baba Jamus ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, ba su ƙara jin juna ba.

Hamid na da shekara arba'in da tara 'yarsa Najwa ta shigo da waya a hannu, tana karanta masa da Larabci cewa yanzu an yarda 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar su buga wa ƙungiyoyi. Ya sa ta maimaita. Ya daɗe yana murza gwiwarsa ta hagu da ta kumbura, sannan ya ce, "Madalla. Allah ya ba masu rabo sa'a." Ranar bai ci abincin rana ba.

Bana gwiwar ta matsa masa, tsayuwar shago tana neman gagararsa, kuma in ya bar aikin babu mai sabunta masa igama. Matarsa Zaituna ta ce ko su tattara su koma Damagaram, ya huta.

"Mu koma?" in ji shi. "Zaituna, ai wanda ya taɓa zuwa shi ke komawa. Wa na sani a can?"

Ta ci gaba da shafa masa man zafi.